Rahoton shekara: aikinmu kan lambobin motocin gwamnati da aka daina bayarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin lambobin mota ta yi a bana. A taron farkon shekara mun amince za mu maida hankali kan lambobin motocin gwamnati da na ma'aikatun hidimar jama'a da aka daina bayarwa, to gaskiya Jamus ce ta cinye mana kusan duk lokacin, don can ne abin ya fi yawa.

Kwamitin bincike ya fara da DB, lambar motocin hukumar jirgin ƙasa ta Jamus ta Yamma, wadda ta kau bayan an haɗe hukumar da takwararta ta Gabas a 1994 aka maida su kamfani ɗaya. Sai VA ta sojojin Jamus ta Gabas, ita kuma haɗewar ƙasar a 1990 ce ta tafi da ita. Waɗannan babu gardama, mun shigar da su kundi mun wuce.

Inda aka kai ruwa rana shi ne BP. Da can BP ta hukumar gidan waya ce, har aka maida ta kamfanoni a 1995, daga baya kuma da aka canja wa rundunar tsaron kan iyaka suna zuwa 'yan sandan tarayya a 2005, sai aka yar da tasu BG aka ɗauko BP ɗin nan aka ba su daga 2006, kenan haruffa iri ɗaya amma masu su daban, kuma wallahi wasunmu sun yi ta saka hoton ta 'yan sanda a jerin ta gidan waya. Abin da muka tsayar shi ne a duba gefen hagu. Lambar da ke da shuɗin layin Tarayyar Turai mai harafin D, wanda ya zama dole daga Nuwamba 2000, ta 'yan sanda ce, ta gidan waya galibi ba ta da shi kuma salon rubutunta tsoho ne.

Mun kuma ƙara sashen motocin ƙananan hukumomi, masu harafin gari sai lamba zalla ba wasu haruffa a tsakiya, an daina ba da su daga Maris 2007 amma motar da ke da ita tana iya ci gaba da yawo da abarta, shi ya sa har yanzu ake cin karo da su a titi. Ni dai a ganina wannan sashen ya fi kowanne daɗin aiki.

Batun kuɗin ƙungiya ma'aji zai kawo nasa bayanin daban, masu bashi don Allah a biya. Duk wanda ya turo hoton BP a baya ya sake dubawa ya turo wa sakatare gyara kafin taro mai zuwa, a can za mu zaɓi ƙasar da za mu ɗauka baɗi.