Sanarwa: gudun ranar Asabar da maganar gudummawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

Asabar ɗin nan za mu yi dogon gudu, kilomita 14, a kan hanyar Tibiri. Mu haɗu inda muka saba da zarar an sallame sallar asuba. Don Allah kada a makara, kun san ranar Maradi, ƙarfe 8 ta riga ta fara cizo.

Abin da muka sa gaba rabin maraton ne, kilomita 21 da ƴan kai, kuma ba a dare ɗaya ake kai shi ba. Kaɗan-kaɗan ake ƙara nisa kowane mako, sannan a bar jiki ya huta. Ku yi gudun da za ku iya magana da na kusa da ku ba tare da haki ba. Makon jiya wani ƙanenmu ya zo da sabon takalmi, kafin mu juyo dugadugansa sun yi bororo, sai a kabu-kabu ya koma gida. Abin ya tsaya mini a rai. Ku sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, ku riƙo ruwa da ƴan dabino. Mai ciwon gwiwa ko zazzaɓi ya zauna gida, ba wanda zai ga laifinsa.

Sai maganar marayun da muke yi dominsu. Wanda ya yi alkawarin dala 20 a kan kowane kilomita, jika 2 da dala 20 ke nan in mun kai ƙarshen rabin maraton ɗin. Ku tuntuɓi dangi da abokan kasuwa tun yanzu, ku kai wa ma'aji sunaye da abin da aka karɓa kafin Juma'a.

Mai zuwa ya amsa a nan. Allah ya kai mu.