Bitar ƙugu da ƙashin cinya ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban jinya. Jarrabawa ta matso, za mu haɗu Asabar bayan La'asar a ajinmu na unguwar Zariya don bita.

Kowa ya zo da zanen hannunsa: kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo, zaune cikin kwarmin ƙugu, da wuyansa da ya karkata kusan digiri 125. A wuyan nan za mu daɗe, don nan tsofaffi ke karyewa in sun zame a banɗaki, sai ka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje. Malam kuwa ba ya tsallake wannan tambayar.

A taho da dala 20 na fotokofi. Wanda ya ari ƙashin roba, don Allah ya maido.

Allah ya ba mu sa'a.