Wasiƙa daga Jos: keken lantarki da gangara

Aminina Bukar,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da yara, ya kuma zafin Maiduguri? Mu nan sanyi ya fara shigowa, sai da rigar sanyi ake fita sallar asuba.

Ka tambaye ni labarin keken nan da na cire wa injin fetur na mayar na lantarki. Ka san tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 abin yake raina. To ya tashi, yana aiki, amma sai da Jos ta koya mini karatu. Ku can ƙasarku shimfiɗe take kamar tabarma, duk yadda kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, ta zo daga China haka za ku ɗaura ku kama hanya. Mu kuwa daga ka hau sai ka gangara.

Ranar farko na ɗauki mutum uku da buhun dankali, muna tsakiyar hawan da ke bayan gidanmu keken ya yi gurnani ya tsaya, har ya fara ja da baya. Na haɗa kwantirolar da manhajar waya na duba. Ashe iyakar wuta iri biyu ce a ciki: wadda take zuƙa daga batir, da wadda take tura wa wayoyi ukun nan na injin. Ta biyun ce ke ba da ƙarfin ja idan taya na juyawa a hankali. Na ɗaga ta daga amfiya (ma'aunin wuta) 150 zuwa 220, na bar ta batir a 60, don allon da ke gadin batirin, BMS, yana yanke wuta a 80. Nan take keken ya haye kamar akuya.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni na ƙara. Kwana biyu na fara jin ƙauri. Zafin wayoyin injin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wuta: ka ninka wuta sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu, ga shi a kan tudu injin ba ya gudu balle ya sha iska. Na mayar da ita 220, na kuma sa kwantirola ta riƙa rage ƙarfi da kanta idan injin ya kai digiri 110. Totur ma na sassauta shi, don da fizga yake tashi, wata tsohuwa har ta ce ko aljanu ne da shi.

Amma Bukar, duk wannan wasa ne. Saukowa ce ta kusa kai ni lahira. Akwai burkin da injin ke yi da kansa, ka saki totur ya riƙe keken yana mayar da wuta cikin batir. Na saba da shi har na daina taka na ƙafa. Ran nan na kwana ina caji, batir ya cika fal, na fito da sassafe na kama gangara. Wutar da injin ke mayarwa ba ta da wurin zuwa, BMS ya rufe ƙofa, riƙon nan ya ɓace lokaci guda. Keken ya sulale. Na danne burkin ƙafa, wanda rabona da duba shi an yi watanni, da ƙyar na tsaya dab da kwalbati. Hawan Kibo ne ya faɗo mini a rai, inda manyan motoci ke tsinke burki. Na daɗe a zaune ina salati.

Yanzu ba na cika batir ya wuce kashi 90, tunda gidanmu a sama yake, kowace fita da gangara take farawa. Na rage ƙarfin wannan burkin yadda ko ya ɗauke ba zai ba ni mamaki ba, na kuma sauya takalman burki gaba da baya. Duk wanda ya ce maka da injin lantarki ba ka buƙatar burki mai kyau, bai taɓa tuƙi a Filato ba.

Saura ja da bayan nan idan na tsaya a tsakiyar tudu. Akwai wurin saita shi a manhajar, amma riƙe keke da wuta a tsaye zafi yake tarawa, don haka burkin hannu nake ja.

Idan za ka zo bikin ƙanwata, ka taho mini da turaren wuta, uwargida ta dame ni. Ka gaida Baba.

Naka,
Sani