Gidajenmu na cikin birni na zubewa, maginan ƙasa kuma sai an tona

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke cina tun damunar nan, wato maganar gyaran tsofaffin gidajenmu na cikin birni.

Gidanmu na gado ne a Yakasai, ginin ƙasa tun na kakanmu, zaure biyu kafin ka shiga tsakar gida, rufin soro da azara. A ciki aka haife ni, kuma ko a watan Afrilu da garin Kano ke tafasa in ka shiga zauren nan sai ka ji kamar ka shiga randa, saboda kaurin bangon kaɗai ya fi kamu guda. Shekara uku da suka wuce yayanmu ya ce shi fa ya gaji da yaɓe duk shekara, a yi wa bangon waje filasta da siminti kowa ya huta. Aka kawo birkila, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce aikin kwana huɗu ne ya yi sati uku, amma dai ya goge bango sumul, maƙwabta na ta sam barka.

To bana cikin Agusta, mun idar da sallar asuba kenan sai muka ji rugum. Filastar ce ta ɓallo gaba ɗaya, ta taho da kusan rabin ƙasar bangon. Da na sa hannu a wurin wallahi ƙasar jiƙe take sharkaf kamar yanzu aka kwaɓa ta. Allah ya kiyaye babu yaro a lungun, da yanzu wani zancen ake.

Daga nan muka shiga neman maginin ƙasa na ainihi, kuma a nan na gane inda muka kwana. Birkila kam ko yanzu ka leƙa bakin titi da safe za ka gansu zaune da cebur da kwano, amma kana cewa ginin ƙasa ne sai su ce Alhaji a rushe kawai a sa bulo. Sai da na yi cigiya a unguwa uku kafin wani mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo, ya haura saba'in, gwiwa ma ta fara ba shi matsala. Da ya zo bai ce uffan ba, ya zagaya gidan, ya sa aka kafa tsani wani yaro ya hau soro ya zaro leda da ƙasa cunkus daga cikin indararo, sannan ya ɗauki sandarsa yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Ya nuna guda uku ya ce waɗannan ba azara ba ne, katako ne wani kafinta ya cusa muku, gara ta cinye cikinsu. Ni ban ma san an taɓa canza su ba.

Abin da ya gaya min shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce yaro, bangon ƙasa numfashi yake yi, in ya sha ruwa rana na fitowa ya bushe. Kuna lulluɓe shi da siminti kun toshe masa hanci, ruwa zai shiga ta tsaga daga sama ko ya taso daga ƙasa, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin bangon a ɓoye ku kuna ganin waje fes. Na ce to Baba da me ake kare shi a da? Ya ce makuba mana, ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, wani tsiro mai danƙo. Kunya ta kama ni, don marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take ga ta nan kusa da mu, kullum ina wucewa ta gabanta, ban taɓa sanin abin da ake kwashewa daga gindin karofi shi ke hana soronmu yoyo ba. Azarar ma ashe daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika yi mata komai ba, kuma da yake ba ta da tsawo sosai shi ya sa in ɗaki na da faɗi ake yin bakan gizo ko ɗaurin guga, wato bakunan da ake lanƙwasowa daga bango su tallafi rufin.

Yanzu duk kayan nan wahalar samu suke. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike su an yi gini a kai, sai dai ka sayo ƙasa a tifa daga bayan gari, tifar kuma ba ta shiga lungu, sai an bi da baro. Ga titi da kwalbati da ake ɗagawa duk sanda aka yi aiki har ƙofar gida ta koma rami, ruwan sama na sauka sai ya nufo zaure. Ga kuma rigimar gado, gida ɗaya magada ashirin, kowa na jiran wani ya fara ciro kuɗi, amma wannan zance ne na wata rana.

Na tambayi dattijon ina yaransa, ya yi dariya ya ce ɗaya na jan adaidaita, ɗaya na sayar da waya a Farm Centre, babu mai son taka ƙasa da ƙafa. Ni dai ban ga laifinsu ba, mu ne muka mayar da ginin ƙasa alamar talauci, muna biyan mai sa tayil da ya zo daga Kwatano ko Togo kuɗi masu kauri ba ciniki, maginin gida kuwa sai mun ja shi a ƙasa kamar muna sayen tumatir.

Roƙona ga masarauta, ta hannun Sarkin Magina da masu unguwanni, a tattara sunayen ragowar maginan nan a san inda suke, yadda mai buƙata zai same su ba sai ya sha yawon da na sha ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ai da ƙasa aka gina su, duk sanda za a yi musu gyara a haɗa dattawan da matasa su koya a kan aikin, a riƙa ba yaran ɗan abin sawa a aljihu. Cibiyoyin koyar da sana'a na gwamnati da sashen zanen gine-gine na Jami'ar Bayero su ma su sako wannan a ciki. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara wajen shekara 900 da suka wuce muna kallo ta zaizaye, ban so gidajen su bi ta.

Mu dai yanzu mun rufe bangon da leda da tsohon kwano, Baba ya ce ba zai taɓa shi ba sai ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe, kuma mu fara tanadin ciyawa. Makuba ce har yau ban samu ba, in akwai mai karatu da ya san inda ake sayar da ita don Allah ya sanar ta wannan shafi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Yakasai, cikin birnin Kano