Wasiƙar Godiya Ga Cibiyar Da Ta Horar Da Mu Jami'an Yaɗa Labarai A Sakkwato

Zuwa ga Hajiya shugabar cibiya, da malamanta, da sauran ma'aikata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in aiko da ita ofishinku a cikin ambulan, saboda mu ma'aikata mun saba da kai ƙorafi a fili, godiya kuwa sai a ɓoye, in ma an yi ta. Ina cikin jami'an yaɗa labarai da hulɗa da jama'a da suka halarci horon kwana huɗu da kuka shirya a nan Sakkwato a watan jiya, a kan mu'amala da 'yan jarida da kuma yadda hukuma za ta yi wa jama'a magana idan wata masifa ta auku. Yabon gwani ya zama dole, kuma ina so abokan aikina da ba su samu zuwa ba su san abin da ya wuce su.

Gaskiya, Hajiya, ban zo da wani kyakkyawan zato ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki an tura ni bita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wata a Abuja, wata a Kaduna, wata a nan gida, kuma kusan duk kamanninsu ɗaya. A kama babban ɗaki a otal, a cinye rabin yinin farko wajen jiran babban baƙo da jera sunayen manya, sannan wani mai kwat ya miƙe ya karanta mana abin da majigi ke haskawa a bango, da Turancin da bai damu ko mun gane ba. Misalan duk na ƙetare ne. Labarin maganin Tylenol, wanda aka sa wa guba a yankin Shikago na Amurka a 1982 har mutum bakwai suka mutu, kamfanin Johnson & Johnson kuma ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa, na ji shi har na haddace. Ban ce babu darasi a cikinsa ba, amma ba wanda ya taɓa gaya mini yadda zan yi amfani da shi a ofishin da ba ni da ikon cewa uffan sai maigida ya sa hannu. Daga ƙarshe a raba jaka da biro da takardar shaida, a yi layin alawus, kowa ya kama gabansa.

Akwai abin da ya same ni shekarun baya wanda har yau nake jin nauyinsa, kuma sai na faɗe shi za a gane dalilin wannan godiya. Wata safiya aka wayi gari da wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai kayan da hukumarmu ta raba a wasu ƙauyuka sun lalace har sun kwantar da yara. Abin da ya faru a zahiri shi ne wani ɗan kaso ne ya lalace a sito, kuma ba a fitar da shi ba ma. Kafin azahar wayata ta ɗauki zafi saboda kiran 'yan jarida. Maigida yana kan hanya, mataimakinsa ya ce ba huruminsa ba ne, ni kuwa na rubuta sanarwa na sa a fayil, fayil ya shiga yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Da kira ya ishe ni, sai na kashe wayar. Da daddare ina zaune a gida na ji mai karanta labarai a rediyo yana cewa duk ƙoƙarin da wakilinsu ya yi don jin ta bakin hukumar ya ci tura, kuma washegari a majalisar unguwarmu har waɗanda muka tashi tare da su sun yanke hukuncin cewa da babu rami, me zai kawo maganar rami. Sanarwar ta fito bayan kwana uku, shafi biyu da Turanci, sakin layinta na farko yabon shugabanni ne. Ihu bayan hari ke nan.

Wannan labari ne na bayar a ranar farko, lokacin da malamar da ta jagoranci yawancin darussan ta nemi kowannenmu ya faɗi rana mafi muni da ya taɓa gani a bakin aiki. Ba zan ambaci sunanta ba, don na lura ba mai son a yi ta kiran sunanta ba ce, amma duk wanda ya halarta ya san wadda nake nufi. Ta daɗe tana aikin rediyo kafin ta koma koyarwa, kuma da na gama sai ta ce ita kanta ta rubuta wannan jimla ta "ya ci tura" sau da yawa, ba don ƙeta ba, sai don lokacin labarai ba ya jiran fayil. Ta bayyana mana cewa ɗan jarida yana da edita a kansa da agogo a gabansa, kuma idan hukuma ta yi shiru ba a fasa labarin, sai dai a cike gurbinta da maganar wanda ya yarda ya yi magana, ko da mai saƙon muryar ne.

Daga nan ta koya mana abin da ta kira sanarwar riƙon ƙwarya, wato 'yar gajeruwar magana da ake fitarwa tun cikin sa'ar farko kafin bincike ya kammala. Idan an yi asarar rai ko dukiya, da jaje ake farawa. Sai a faɗi abin da aka tabbatar kawai, a faɗi abin da ake kan bincikawa, da matakin da aka riga aka ɗauka, sannan a sa lokacin da za a sake yi wa jama'a bayani, kuma a cika alkawarin ko da ba a samu sabon abu ba. Ta ja kunnenmu ƙwarai a kan ƙiyasin adadin matattu ko waɗanda suka jikkata don kawai a sallami mai tambaya, domin magana zarar bunu ce, kuma adadin da ka janye gobe ya tafi da rabin amincin da ake yi maka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta tsaya ga faɗa ba. Ta sa kowa ya lissafa masifun da suka fi yiwuwa a irin aikin hukumarsa, ya rubuta wa kowace irin wannan sanarwa da guraben da za a cike, domin a kai wa maigida ya amince tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji ta.

A rana ta biyu aka kafa kyamara da makirufo, aka ba mu labarin gwaji da aka gina a kan abin da duk mutumin Sakkwato mai shekaru ya sani, wato ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gonaki da gidaje a bakin Gulbin Rima, ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka kuma yi ta ce-ce-ku-ce a kan madatsar ruwa ta Goronyo. Ni aka fara sa wa a gaba a matsayin kakakin wata hukuma, abokan horo suka zama 'yan jarida, kuma Allah Ya sani ba su raga mini ba. Cikin minti uku na ɗora laifin a kan wata hukuma, na ce komai yana ƙarƙashin kulawa alhali an gaya mini mutane na kan rufin ɗaki, na kuma yi fushi da wani da ya maimaita tambaya. Da aka mayar da hoton a allo na so ƙasa ta tsage in shige.

A nan ne na ga halin wannan baiwar Allah. Ba ta mayar da ni abin dariya ba, kamar yadda na ga wasu masu horarwa na yi don a ce sun iya. Ta tsayar da hoton a wurin da na yi daidai, ta fara da shi, sannan ta bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya tana tambayar ajin yadda za a gyara. Bayan sallar la'asar, da kowa ya watse, ta ce, "Malam, in ba ka sauri, mu sake." Ita da matashin da ke riƙe da kyamara suka zauna da ni har kusan magariba, muka maimaita sau huɗu, ba tare da an nemi ko sisin kwabo a kan kuɗin da aka biya ba. Na girme ta, amma ban ji ƙasƙanci ko kaɗan ba a wannan zama. Allah Ya saka mata da alheri, Ya yi wa matashin nan albarka.

Wani abin da ban taɓa gani a wata bita ba shi ne yin gwajin da Hausa. Ta ce wanda ruwa ya ci gonarsa a Wurno ko Silame ba zai karanta sanarwar Turanci a Facebook ba, rediyo zai kunna, kuma tambayarsa ba ta wuce "mi yah hwaru, mi kunka yi" ba, sai kuma abin da shi zai yi ya tsira da iyalinsa. Ta sa muka mayar da kowace sanarwa zuwa maganar da ba ta wuce minti ɗaya ba, wadda za a iya karantawa a Rediyon Rima ko a tura a matsayin saƙon murya, ta kuma tuna mana da masu jin Fulatanci da Zabarmanci. Misalanta na gida ne. Ta kawo daren nan na watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da 'yan uwa suka yi ta tashin juna a waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu, don mu ga cewa jita-jita ta bakin masoyi take zuwa, shi ya sa ake yarda da ita. Ta kawo ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, da yadda shigowar sarakuna da malamai, musamman a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta taimaka har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan innar mai yaɗuwa da kanta. Ta kuma taɓo annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta kashe sama da mutum 1,000 a ƙasar nan. Abin da ta fitar daga duk waɗannan shi ne jami'in yaɗa labarai ya san hakimi da limami da ungozoma kamar yadda ya san wakilan jaridu, kuma ya san su tun kafin ranar buƙata.

An kuma yi mana darasi a kan doka, wanda wani lauya ya gabatar a taƙaice. Da yawanmu, har da ni, mun san da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da suna kawai, ba mu riƙe cewa kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa buƙatar da aka rubuto mata ba. Ya kuma gargaɗe mu a kan watsa hotuna da sunayen marasa lafiya ko waɗanda hatsari ya rutsa da su, yana mai nuni da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Sauran hidima, irin su fara aiki a kan lokaci, da hutun salla, da abinci, duk an yi su yadda ya kamata.

Dabarar da na fi yaba muku ita ce gayyatar shugabanninmu a rana ta ƙarshe. Ba duka suka zo ba, wasu wakilai suka turo, amma nawa ya zo, aka zaunar da shi a gaban kyamarar da ta kunyata ni, ya ɗanɗana. A makon da ya biyo baya ya sa hannu a kan sanarwoyin riƙon ƙwarya da na rubuta, ya kuma ba ni izini a rubuce in yi magana da 'yan jarida a kan abin da aka tabbatar idan ba a same shi ba. Na shekara da shekaru ina neman wannan izini.

Abin takaici shi ne a ofisoshi da dama har yanzu ba a ɗauki wannan aiki a matsayin sana'a ba. Jami'in yaɗa labarai shi ne sanƙira a wurin taro, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai rubuta saƙon taya murna idan an yi wa maigida naɗi, shi ne kuma mai raba wa 'yan jarida na-goro bayan taro, abin da ke zubar da mutuncin mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya. Ba a kiransa zaman da ake yanke shawara, sai abu ya ɓaci a ce ya je ya gyara. Cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Nijeriya tana nan tun 1963, kuma tun 1990 doka ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista, amma sau nawa ake duba wannan kafin a ba mutum kujerar? Sau da yawa wanda aka rasa inda za a kai shi ake turowa. Su kuma wasu masu shirya bita sun gane kasuwa ce, sai su yi ta sayar da takardar shaida mai ƙyalli ga mutanen da ba a taɓa tsayar da su a gaban makirufo ba.

Ina da roƙo ɗaya, Hajiya. Yawancin waɗanda muka halarta daga cikin birni muke, alhali jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23, kuma jami'an da ke Isa da Sabon Birni da Tangaza da Kebbe su ne masifa ke fara riska, ko ta ruwa, ko ta cuta, ko ta tsaro, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba idan za a tura mutane horo. Idan da hali, a shirya musu nasu kafin damina ta kama, da kuɗin da za su iya biya, kuma a sa malamar nan ta jagorance shi. Ni a shirye nake in zo in zama ɗan jarida mai tsananta tambaya a ranar gwaji.

Allah Ya ƙara ɗaukaka, Ya bar zumunci.

Naku,
Wani jami'in yaɗa labarai,
Sakkwato.