Kafin gwamnati ta sa hannu a kwangilar jirgin sintirin teku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi tsokaci kan sayen jiragen sama masu sintiri a kan teku. Duk lokacin da wata gwamnati ta ƙulla irin wannan ciniki, abin da ke fitowa a labarai shi ne hoton jirgi da sunan kamfani da yawan kuɗi. Takardar sharuɗɗan da aka rubuta kafin a nemi tayin kamfanoni kuwa ba mai waiwayarta, alhali a cikinta ake yanke ko jirgin zai yi shekara talatin yana aiki, ko zai ƙare a rumfa tayoyinsa sun sace.

Farkon abin da takardar za ta fayyace shi ne aikin da ake so. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da arzikin ruwa har zuwa mil 200 na teku daga gaɓarta, wato kimanin kilomita 370. Abin da yawancin ƙasashe ke nema a wannan fili shi ne masu satar kifi, da 'yan fashin teku, da masu fasa-ƙwauri, da jiragen da ke zubar da baƙin mai, da mutanen da jirginsu ya kife. Wannan aiki daban, farautar jirgin yaƙi mai nitso daban. Mai farautar jirgi mai nitso sai da na'urorin sauraro da ake jefawa a ruwa, da kwamfutocin tace sauti, da ɗakin makamai. Jirgin P-8 na kamfanin Boeing, wanda aka gina a kan gangar jikin 737, yana ɗaukar irin waɗannan na'urorin sauraro har 129, da ma'aikata tara. Ƙasar da damuwarta kwale-kwalen 'yan fashi ce ba ta da abin yi da shi. Jirgi mai farfela biyu irin ATR 42 ko C295 ko Dash 8 ya ishe ta, a kan wani ɗan kaso na kuɗin. Ƙasar Ailan, wadda ruwanta ya ninka ƙasarta sau da dama, C295 guda biyu ta karɓa a 2023.

Sai batun daɗewa a sama, kuma a nan kamfanoni suka fi yi wa mai saye wayo. Za ka ga an rubuta jirgi yana iya awa tara bai sauka ba. Gaskiya ne, amma a can ƙololuwar sama, tanki cike, ba lodi. Sintiri kuwa hawa ne da sauka: a hango jirgin ruwa, a sauko ƙasa-ƙasa a duba shi, a sake hawa, kuma tafiyar ƙasa-ƙasa ta fi shan mai. Saboda haka sharaɗin ya kamata ya ce awa nawa jirgin zai yi a wurin aiki, a nisan kaza daga sansani, a tsayin kaza, ɗauke da dukan ma'aikata da na'urori, ya kuma dawo da ragowar man aƙalla minti 45. Da wannan ma'auni ake bayyana P-8 ɗin ma: awa huɗu a wurin aiki, a nisan mil 1,200 na teku. A ƙara da zafin rana da tsawon titin tashi. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaga nauyi kamar mai sanyi, kuma idan nauyi ya yi yawa mai ake ragewa. Jirgin da aka gwada a lokacin sanyi yana iya rasa wani ɓangare na awanninsa a filin da zafi ya kai digiri 40.

Na'urar radar ita ce idon jirgin, kuma doron duniya ne ke yanke mata iyaka. Daga tsayin mita 300 ganinta ba ya wuce kilomita 70 ko kusa da haka, daga mita 3,000 kuwa yana kaiwa kimanin kilomita 225. To amma idan jirgi ya hau sama sosai, igiyoyin ruwa suna mayar wa radar da amsa mai yawa, sai ƙaramin kwale-kwalen katako ko na roba ya ɓace a cikin hayaniyar. Don haka rubuta "radar mai ganin kilomita 300" bai tsinana komai ba, domin babban jirgin dakon mai ake nufi, wanda ko tsohuwar na'ura za ta gan shi. A rubuta girman abin da ake son gani, da tsayin igiyar ruwa a ranar, a ce mita ɗaya zuwa biyu, da nisan, da kuma sau nawa cikin goma ake so a gano shi. A ce radar ɗin ta zama a ƙarƙashin cikin jirgi don ta kewaya digiri 360, ta iya bin sawun jirage da yawa a lokaci guda, ta kuma iya zana siffar jirgin ruwa daga nesa a bambance na kifi da na dakon kaya.

Tun daga ƙarshen 2004 dokokin hukumar sufurin teku ta duniya suka wajabta wa jiragen ruwa masu tan 300 zuwa sama da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su ɗauki na'urar AIS, wadda ke sanar da sunan jirgi da inda yake da inda ya nufa. Mai mugun nufi kashe ta yake yi, ko ya sa mata sunan ƙarya. Amfanin jirgin sintiri shi ne ya haɗa abin da radar ta gani da abin da AIS ta faɗa a allo ɗaya, duk wanda aka gani bai yi magana ba shi za a nufa. Idan takardar ba ta ce kwamfutar jirgin ta yi wannan haɗi da kanta ba, ma'aikaci zai zauna yana kallon allo biyu yana kwatantawa da ido, a wuraren da jirage suka yi cunkoso kuwa hakan ba ya yiwuwa.

Kyamarar da ke gani dare da rana ita ma a auna ta da aiki: daga nisan nawa za ta karanta sunan da ke jikin jirgin ruwa. Kowane hoto ya fito da kwanan wata da lokaci da wurin da aka ɗauka, a ajiye shi ta yadda ba za a iya taɓa shi ba, in ba haka ba lauyan mai jirgi zai rushe shaidar a kotu. Sai rediyon magana da jiragen ruwa a tasha ta 16, da na'urar bin siginar neman agaji a zangon rediyo na megahaz 406 da 121.5, da ƙofar jefa kwale-kwalen ceto, da hanyar aika hoto kai tsaye zuwa cibiya ta tauraron ɗan'adam. Kuɗin hayar tauraron na shekara-shekara ne, kuma sau tari ana manta shi a kasafi, sai a wayi gari na'ura na nan amma layi a yanke.

Haɗa waɗannan kaya a jikin jirgi shi ne wurin da manyan kwangiloli suke karyewa. Kowace na'ura tana jan wuta, tana fitar da zafi, tana iya damun 'yar uwarta, kuma huda cikin jirgi don ɗaura radar sai da amincewar hukumar kula da lafiyar jirage. Birtaniya ta ba da kwangilar Nimrod MRA4 a 1996, da nufin sabunta tsofaffin jiragen sintirin teku 21. Da aka zo ɗaura sababbin fukafukai sai aka tarar tsofaffin gangunan, waɗanda aka ƙera da hannu shekaru da dama baya, ba su yi daidai da juna ba. Aka yi ta rage adadi har ya koma tara, aka soke aikin a Oktoban 2010 bayan an kashe sama da fam biliyan 3, aka daddatsa jiragen. Ƙasar ta yi kusan shekara goma ba ta da jirgin sintirin teku nata kafin P-8 guda tara da ta saya su fara isowa. Shi ya sa muke ganin ƙasar da ba ta da masana'antar jirage ta sa sharaɗin cewa irin wannan haɗin, jirgi da radar da kwamfuta, yana aiki yanzu haka a hannun wata rundunar, kuma kamfani ɗaya ne zai ɗauki alhakin komai.

Yawan jirage kuma lissafi ne. Mai son jirgi ɗaya a shirye kullum sai ya sayi aƙalla uku, domin ɗaya na aiki, ɗaya na horo ko jiran ko-ta-kwana, ɗaya na hannun makanikai. Mai guda biyu, ranar da ɗaya ya shiga babban gyara na makonni ɗayan kuma ya sami matsala, tekunsa a buɗe yake. Kuɗin sayen ma shi ne ƙaramin ɓangare. Mai da gyara da horo da sabunta na'urori a tsawon rayuwar jirgi suna kaiwa kusan kashi biyu cikin uku na jimlar. Gishirin teku yana cin ƙarfe, don haka a sa wurin wanke jirgi da ruwan daɗi da kayan wanke cikin inji bayan kowace tafiyar ƙasa-ƙasa. A sa kayan gyara na shekarun farko, da inji na ajiya, da wa'adin kwanakin da kamfani zai gyara radar ya dawo da ita, da horon matuƙa da masu na'ura da makanikai fiye da rukuni ɗaya, tun da ma'aikata suna ritaya ana kuma yi musu canjin wurin aiki. Wanda ya fi duka shi ne a ɗaure kamfani da alƙawarin cewa kashi kaza cikin ɗari na jiragen za su kasance a shirye, in ya gaza a cire masa tara.

Wajen auna tayi, ma'auni ɗaya za a yi wa kowa, a kuma bayyana shi tun kafin a buɗe ambulan. A 2018 ofishin babban mai binciken kuɗi na Indiya ya soki yadda aka auna tayin P-8 guda takwas da ƙasar ta saya a 2009 kan dala biliyan 2.1, inda ya ce an ɗora kuɗin kula na shekara 20 a kan tayin kamfanin Turai da ke takara, ba a ɗora wa na Boeing ba. Sayen kai tsaye ba tare da takara ba shi ma yana faruwa. Kanada ta yi haka a Nuwamban 2023 da ta zaɓi P-8 har zuwa guda 16, kamfanin Bombardier na ƙasar ya yi ƙorafi, gwamnati ta ce P-8 kaɗai ne a kasuwa ya cika sharuɗɗanta. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, an faɗe ta a fili. A kuma bincika izinin fitarwa tun da wuri, domin na'urorin soja na Amurka suna ƙarƙashin dokar ITAR mai ƙayyade fitar da kayan yaƙi zuwa waje, kuma ƙasar da ta ƙera kyamara ko radar tana iya hana kayan gyara daga baya.

Biyan kuɗi kuwa daki-daki ake yi, don kada a yi cinikin biri a sama. Kuɗin kafin alƙalami sai da lamunin banki na daidai adadinsa, da wani lamunin cika aiki na kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Kaso na ƙarshe kada a sake shi sai an yi gwaji a tekun mai saye, da ma'aikatansa a kan na'urori: a ajiye ƙaramin kwale-kwale a wurin da kamfani bai sani ba, a ga ko za a gano shi a nisan da aka rubuta.

Mun san za a ce waɗannan bayanai sirrin tsaro ne. Ƙarfin radar sirri ne, mun yarda. Amma awa nawa jiragen suka tashi a shekara, da guda nawa ne a shirye, da nawa aka ware na gyara, kwamitocin majalisa da 'yan jarida suna da haƙƙin tambaya kowace shekara a lokacin kare kasafi.

Wassalam.

Mu ne naka,
Wasu injiniyoyin jiragen sama da jami'an kwangila