Baba Maƙeri, Ga Amsar Tambayarka Kan Ƙarfen Da Ke Cinyar Jikanka

Assalamu alaikum Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo a nan Jos, ka bugo waya ana dab da rufe shiri. Ka ce kai maƙeri ne, ka san ƙarfe da ruwan gishiri ba sa ga maciji da juna, to ta yaya wanda aka sa wa jikanka a cinya bayan hatsarin babur zai zauna cikin jini bai yi tsatsa ba? Ka ƙara da cewa yaron ya matsu ya koma aiki, wai tunda ƙarfe ya fi ƙashi ƙarfi. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, abin kuma ya tsaya mini a rai. Ni malamin ilimin ƙarafa ne, don haka ta fuskar ƙarfe zan yi magana.

Tsoronka na kan hanya. Ruwan jikin ɗan Adam na ɗauke da gishiri wajen giram 9 a kowace lita, ga ɗumi na digiri 37 dare da rana. Farantan ƙarfe da likitoci suka fara ɗaure ƙashi da su da ƙusoshi, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kuwa sun sha tsatsa. Na yanzu daban ne. Wanda aka fi sani ana kiransa 316L: baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da wasu ƙarafa, wato kromiyam kamar kashi 18 cikin 100, da nikel, da ɗan molibdinam. Kromiyam ɗin nan, da ya haɗu da iskar oksijin, sai ya yi wa ƙarfen wata fata siririya da ido ba ya gani. In an karce ta, ta sake fitowa da kanta. Ita ce garkuwar.

Amma akwai inda garkuwar ke gazawa. Ƙarƙashin kan ƙusa, inda ta danne faranti, oksijin ba ya shiga sosai, gishiri kuma na taruwa. In ƙusar na ɗan motsi, tana goge fatar kullum kafin ta warke. Haka in aka haɗa ƙarafa iri biyu a wuri ɗaya, sukan zama kamar batir, ɗaya na cin ɗaya. Shi ya sa likitoci ba sa gauraya kaya barkatai.

Sai dai Baba, abin da ya fi damuna shi ne maganar jikanka. Ka san yadda kake tsinka waya in ba almakashi a kusa: ka lanƙwasa nan, ka lanƙwasa can, har ta gaji ta rabu. Ƙarfen cinya ma haka yake gajiya. Kowane taku na ɗora wa ƙugu nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3, mai zirga-zirga kuwa na taka kowace ƙafa wajen sau miliyan 1 a shekara. Ina da wani karyayyen faranti da nake nuna wa ɗalibai. In ka sa madubin ƙara girma a bakin karayar, za ka ga gefe ɗaya sumul, da layuka a jere kamar sawun ruwa a kan yashi. Tsagar ce ta yi ta rarrafe daga ramin ƙusa, taku bayan taku. Ɗaya gefen kuma kaca-kaca, nan ne ya ɓalle lokaci guda. Ƙashi in ya tsage yana ɗinke kansa, domin yana da rai. Ƙarfe ba ya yi. Aikinsa ya riƙe karaya kafin ƙashi ya haɗe, kuma in aka ɗora masa nauyi duka tun ƙashin bai kama ba, shi zai fara sarewa.

Ƙarfinsa ma yana da illa. 316L ya fi ƙashi tauri wajen ninki 10, sai ya kwashe nauyin ya bar ƙashi ba aikin yi. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi na ginuwa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka. Wanda aka hutar sai ya rame. Wani ƙarfe da ake kira titaniyam ya fi dacewa a nan, taurinsa kusan rabin na 316L ne, kuma ya fi jure gishiri. Wani nau'insa ma ana zuba masa niyobiyam, wanda ake samu daga ma'adinin kolombait, irin wanda iyayenmu suka haƙo tare da kuza a tsaunukan nan namu.

Don Allah Baba, ka riƙe makullin babur ɗin a hannunka. Yaron ya ci gaba da dogara sanduna, ya taka gwargwadon yadda likitansa ya ce, har hoton ƙashi ya nuna ya haɗe. Kada a kai shi wurin mai ɗori a murza wurin. In yana shan taba ya daina, tana jinkirta haɗewar ƙashi. In ka ga kumburi, ko zafi, ko ruwa na fita daga ɗinkin, ko ciwo ya dawo bayan ya lafa, a koma asibiti a ranar. Batun cire ƙarfen kuwa na likita ne, da yawa ma ana barinsu har abada.

In ka yarda, zan kawo maka farantin nan maƙera ka duba da idonka. A gaida mai jiki.

Ɗanka,
Malamin ƙarafa, Jos